Kakana Majemi Ya Zo Ofishina

Jama'a, daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu ya ƙi sakina. Amma kafin in ba ku shi, sai na faɗi abin da ban taɓa rubutawa a nan ba: ni jikan majema ne, masu jimar fata. A garinmu ba a cin abinci kwano ɗaya da mu, ba a ba mu aure, in mun miƙa hannu wasu sai su yi kamar ba su gani ba. Tun ina sakandare na cire "Majemi" daga sunana, har yau ban mayar ba.

Kakana, Tanko Majemi, ya rasu kafin a haife ni, ko hotonsa babu. Abin da na sani daga bakin Gwaggo Ladi ne, ƙanwar mahaifina. Ta ce lokacin da aka fara maganar zaɓe a ƙasarmu, shi ya tara majema da mahauta da waɗanda ake kira 'ya'yan bayi, suka je ƙofar dagaci suka ce a rubuta su a littafin masu zaɓe kamar kowa, kuma a ba su wurin zama inda ake yanke maganar gari. An ɗaure shi, an yi masa bulala, ya yi zaman kurkuku. Da ya fito kunnensa ɗaya ba ya ji. Iyakar abin da take faɗa ke nan, sai ta canza zance.

To a mafarkin, na gan ni a tsohon garinmu da rana tsaka, amma babu abin da ke da inuwa, ko bango ko mutum. Ga jama'a sun yi dogon layi suna tafiya a hankali, kowa takalminsa a hannu, kamar yadda talaka ke yi in zai wuce ƙofar manya. Mutum ɗaya ne kawai a gaba da takalmi a ƙafarsa. Gajere, mai faɗin kafaɗa, hannuwansa sun rine da ruwan bagaruwa har gwiwar hannu. Babu wanda ya ce min shi ne. Na dai sani.

Na bi su ina so in cim masa, ƙafata ta yi nauyi. Sai kawai na ga mun iso zauren dagaci, amma da na shiga, ofishina ne. Fankar nan tawa mai ƙara tana juyawa, ga kalandar bango, ga kofin shayina. Kuma ni ne zaune a bayan tebur, da babban littafi a buɗe da alƙalami a hannuna. Dogarai biyu na tsaye a bayana, ina jin numfashinsu a wuyana.

Kakana ya tsaya a gabana, bai durƙusa ba. Ya fara kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, Audu na Rakiya, Ɗan'asabe mahauci, Mantau, muryarsa ba fushi ba roƙo, kamar mai ƙirga fatu a kan igiya. Ina rubutawa da sauri, amma abin da ke fita daga alƙalamin ruwa ne. Kafin in kai ƙarshen suna, farkonsa ya bushe. Shafin na nan fari fat.

Ya dube ni ya ce, "Malam, kai ɗan gidan wa ne?"

Na buɗe baki in ce, "Kaka, ni ne, ɗan ɗanka Isa." Abin da ya fito shi ne sunan da ke kan katin aikina. Ya maimaita sunan a hankali, ya girgiza kai, alamar bai san gidan ba. Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Sai kawai babu ofis. Muna gindin tsamiyar kasuwa, an ɗaure shi da igiya a jikinta. Bulala na sauka a bayansa amma ba a jin ƙararta. Kasuwa na ci, mai manja na aunawa, mai goro na yayyafa ruwa, babu wanda ya waiwaya. Mutanen da suka biyo shi sun zauna a ƙasa sun kewaye bishiyar, sun ƙi tashi. Wata mata a cikinsu, da fuskar Gwaggo Ladi amma tsohuwa tukuf, tana ta faɗin, "Mun ce maka kada ka je, mun ce maka." Ba ta kallonsa. Ni take kallo.

Daga nan na tsinci kaina a majemarmu ta bayan gari, wadda aka daina aiki a cikinta tun ina ƙarami. Ramukan jima cike suke da ruwa baƙi, ba ya motsi. Kakana na zaune a bakin ɗaya, riga a yage, yana wanke hannu. Yana wankewa, rinin na nan. Na durƙusa kusa da shi, warin bagaruwa da ɗanyar fata ya cika min hanci, warin da na yi shekaru ina gudu. Na ce, "Kaka, ka yafe min. Ni jininka ne."

Ya juyo min da kunnen da ba ya ji.

Na zagaya ɗaya gefen na sake faɗa da ƙarfi. Sai ya kama wuyan hannuna, hannunsa sanyi ƙalau, ya matso da bakinsa ya faɗi kalma ɗaya. A daidai lokacin wani tambari ya fara bugawa daga cikin gari, ya danne muryar. Na ga leɓensa sun motsa. Ko "tashi" ya ce, ko "tafi", ban rarrabe ba. Na ce ya maimaita, ya sake ni, ya ci gaba da wanke hannunsa.

Na farka ana kiran assalatu, zufa ta jiƙa min riga, wuyan hannuna na dama yana min sanyi. Matata ta ce ta ji ina magana amma ba ta gane ba. Ita ma ba ta san rabin wannan labari ba, a nan za ta karanta.

Ga abin da ya sa nake tambaya. Makon jiya dattawan unguwarmu uku suka yi doguwar tafiya suka same ni. Suka ce har yau ba a taɓa samun ɗan unguwar majema a kujerar kansila ba, kuma ni ne mai karatu a cikinsu, suna so in tsaya takara. Na ce su ba ni lokaci. Na kira Gwaggo na faɗa mata, sai ta ce, "Habu, gidan nan mun riga mun ba da mutum ɗaya." Ranar Juma'a za su dawo jin amsa.

Don Allah, masu sanin fassara, ku taimake ni. In mamaci ya riƙe hannunka a mafarki, ya yi maka magana ba ka ji ba, kiranka yake ko korarka yake?