Ranar da Kawu Ilu ya shayar da bindigarsa mai

Da hantsi ne, ina sheƙar dawa a bayan gida, na ji tau! Kaji suka watse. Wata mata ta ƙwala ihu daga bakin rijiya: "Sun shigo!" A shekarar ba a tambayar su wa, don ɓarayin daji sun riga sun kwashi mata a ƙauyukan yamma da mu. Na yar da faifai, na haye rumbu, na faɗa ciki na ja murfi. Har yau in ƙofa ta bugu da ƙarfi sai na waiga neman maɓuya.

To ku da kuka san Kawu Ilu, yayan mahaifiyata, Allah ya jiƙansa, na san kun fara murmushi. Mutumin da bai yarda da sabon abu ba sai ya hore shi! Sabon takalmi sai ya kai shi gona ya dawo kafin ya je Juma'a da shi. Sabuwar rediyo kuwa ƙasa-ƙasa yake kunna ta, wai kada muryarta ta dushe tun tana yarinya.

Da tsuntsaye suka addabi dawarsa, sai ya hau babur zuwa Funtuwa ya dawo da bindigar iska a kwali, irin mai sifirin ɗin nan, wato murɗaɗɗen ƙarfe a ciki, da ake karya bakinta a ɗana. Matarsa, Inna Lanti, ta ce, "To Malam, sai gona ko?"

"Wace gona? An taɓa ɗaura wa ɗan maraƙi garma ranar da aka saye shi? Sai ta koyi tafiya tukuna."

Nan horo ya fara. Kullum da safe ya ɗaure notunanta, ya kafa katako a jikin kuka, ya zana ido da gawayi. Ya dafe gindinta a cinya, ya karya ta yana nishi, ya sa ɗan harsashin dalma, tas! Ya murɗa saiti, ya sake. Wai ba a matse ta, tallafe ta ake kamar jinjiri, don tana da zillo. Sannan ya ɗauki wuƙa ya ƙwaƙulo harsasan daga katako, ya daddanne su da haƙori ya mayar.

Na ce, "Kawu, ai sun lanƙwashe."

"'Yar boko, dalma ce, ba ƙwai ba."

Harsasan kuwa kowa da hanyarsa. Ran da ya fasa wa Inna kwanon sha ta fito tana salati, ya ce, "Madalla! Jiya hagu take ci, yau ta koma dama. Gobe sai tsakiya." Kurciyoyi har sun gane: in suna neman lafiya, kan katakon suke sauka.

Da sifirin ya fara ƙara yana gurnani, Kawu ya ce ƙishi take ji. Na karanta masa takardar cikin kwalin, na ce an hana ɗiga mai a ramin iska.

"Wanda ya rubuta ta ya taɓa riƙe garma?"

Ashe da na juya baya ya sace man keken ɗinkin Inna ya ɗura wa bindigar. Man ya kama wuta a ciki, bindigar iska ta yi tsawa da hayaƙi kamar ta soja. Ƙarar da na ji ke nan.

Ni ina rumbu ban san wannan ba. Duhu, zafi, ƙaiƙayi har cikin ido, na toshe baki da gyale ina addu'a. Na ƙudura ko zan mutu a nan ba zan fito ba, don mun ji ana tsare mutum da bindiga a sa shi ya kira 'yan gidansu. Rana ta take, ta karkata. Na ji ana kiran sunana, "Hafsatu! Hafsatu!" na ƙara lafewa.

Wajen la'asar faifan da na yar ya tona ni. Na ji muryar Kawu a gindin rumbu, a sanyaye, ba irin wadda na sani ba.

"Hafsatu, fito. Ba kowa. Ni ne da wautata."

"Ƙarya ne, suna bayanka!"

"Wallahi bayana Lanti ce kawai, ta fi su masifa."

Na ƙi. Ya ce to shi ma ya zauna ke nan, ba ci ba sha sai na sauko. Can ya ce, "Saurara da kyau. Zan harbi katako."

Na ji nishin ɗana bindiga. Tas! Sai tush, sai ƙarar ruwa yana malala, sai Inna: "Wayyo tuluna! Malam, Allah ya isa!"

A nan na fashe da kuka da dariya gaba ɗaya. Duk duniya ba mai auna kuka ya sami tulu sai Kawuna. Na ture murfi. Yana tsaye da gemu duk baƙin hayaƙi, idonsa jajir, ya miƙo min hannu biyu.

"Sauko, 'yata. Kin tsira, ba abin da zai taɓa ki."

Bai ga kaka biyu ba bayan wannan. Ya Allah, yadda ya zauna a gindin rumbu ya ƙi tashi sai da tsorona ya kwanta, Ka kwantar da nasa a kabari. Ka yafe masa, Ka sa ya ji irin kalmar da ya faɗa min. Amin.