Safiyo Ya Nemi Unguwa Mai Shiru

Shekara talatin da ɗaya ya yi a ofishin awon filaye, har sunan aikin ya danne nasa na yanka. Kowa Safiyo yake ce masa, har surukarsa. Dogo ne mai ɗan ranƙwafawa, irin ta wanda ya daɗe yana leƙa na'urar awo. Ba ya cewa wuri yana kusa ko yana nesa. In ka tambaye shi hanyar asibiti, zai ce maka mita ɗari huɗu ne, sannan ka karya dama.

Sai da aurensu ya shekara goma sha huɗu suka sami haihuwa. Mace ce, kuma daga ita ba a ƙara ba. Tun tana shekara uku ta karɓe mulkin gidan. Ita ke faɗin wanda zai zauna a kowace kujera, ita ke hana uban fita da takalmin da bai yi mata ba. Shi ya sa mata Manaja, sunan ya bi ta har makaranta. Kullum ƙarfe biyu saura kwata yake barin ofis ya je ya ɗauko ta. Shugabansa ya yi magana sau biyu, ya gaji ya bari.

Tana aji uku zazzaɓi ya kama ta ranar Talata. Ranar Juma'a aka kai ta makwancinta.

Bayan shekara ɗaya ya yi ritaya, sai zaman gida ya nuna masa abin da ofis ya ɓoye masa. Layinsu hanyar 'yan makaranta ce. Ƙarfe biyu na bugawa za su cika titi, suna gudu, suna kiran juna, gorunan ruwa na karo da jakunkuna. Ya gwada rufe tagogi. Ya gwada ƙure rediyo. Daga baya ya koma fita tun ɗaya da rabi, ya je bayan tashar mota ya zauna cikin motarsa har uku.

Wata safiya ya ce wa matarsa, "Hajiya, ina ganin mu sayar da gidan nan, mu nemi wani."

Tana zaune gaban keken ɗinkinta. Ba ta ɗago ba. "Duk yadda ka gani, Baban Manaja."

Ya ɗauki neman gida kamar yadda yake ɗaukar aiki. Ya sayi ɗan littafi mai baƙin bango. Duk unguwar da aka nuna masa sai ya je ta da safe, da rana, da yamma. In aka yi ruwan sama ya koma ya ga inda ruwa ke kwanciya. Yakan buɗe famfon maƙwabta ya duba ƙarfinsa, ya taka da ƙafa zuwa kantin magani yana ƙirga taku. Amma abin da yake nema na gaskiya ɗaya ne, kuma bai taɓa rubuta shi a littafin ba: unguwar da babu makaranta.

Dillalinsa gajere ne mai ƙaton ciki, baki ba ya hutawa. Gida goma ya nuna masa, goma ya ƙi. Wannan bango ya tsage, wancan kwata ta yi kusa da ƙofa.

"Ranka ya daɗe," in ji dillalin, yana share gumi, "ko mata ba a zaɓa haka."

"Shi ya sa taka take gidansu wata biyu ke nan."

"Ka ga, a bar wannan maganar. Zo in nuna maka na sha ɗaya. In shi ma bai yi ba, na rantse kiwon kaji zan koma."

Na sha ɗayan yana ƙarshen wani lungu da ba ya ɓullewa. Ɗaki uku ne da falo, da bishiyar lemo a tsakar gida. Bayansa doguwar katanga ce, ba ƙofa ba taga. Safiyo yana ganinta ya gane ta. Shekara ashirin da biyu da suka wuce shi ya auna filin, sito ne na wani kamfanin siminti. Da ya koma gida ya ciro kwafin taswirar daga akwati, ga sa hannunsa a ƙasa. Bai ga dalilin zagayawa ɗaya titin ya duba ƙofar wurin ba. Abin da ya auna da hannunsa ba ya sake tambaya a kansa.

Sati shida yana zuwa lungun. Ƙarfe biyu na rana zai tsaya ƙarƙashin lemon, ya kasa kunne. Ba abin da yake ji sai kurciya da wata mata mai kaɗa tabarma. A bakin lungun akwai wani tsoho mai gyaran rediyo, a rumfar da ba ta fi tabarma biyu ba. Nan Safiyo yakan zauna a benci, su yi awa guda ba su yi magana goma ba.

"Baba, unguwar nan akwai hayaniya?" Iyakar abin da bakinsa ya iya tambaya ke nan.

"Hayaniya? Ai ni ne mai hayaniyar, in rediyo ta ƙi tashi ina zaginta."

Sau ɗaya ya kawo Hajiya. Ta wuce falo da kicin ba ta tsaya ba. A ɗakin baya ta tsaya, ta riƙe ƙarfen taga, ta daɗe tana kallon waje.

"Ya yi," ta ce. "Wannan ya yi."

Rabon da ya ji ta ce tana son wani abu har ya manta. Ya gaya wa dillali a shirya takardu, ranar Laraba za a sa hannu.

Ranar Litinin ya karɓi makulli ya je auna tagogi saboda labule. Yana durƙushe a ɗakin baya, fensir a baki, sai aka kaɗa ƙararrawa a bayan katangar. Aka ɗan yi shiru. Sai muryoyi suka ɓalle gaba ɗaya, ɗaruruwa, kujeru na ƙara, wata malama na ihu a bi layi, wata ƙaramar yarinya na kuka wai an ɗauke mata murfin gora.

Bai san tsawon lokacin da ya yi a durƙushe ba. Da ya miƙe, rumfar mai rediyo ya nufa.

"Baba, makaranta ce a bayan nan?"

"Shekara tara ke nan," in ji mai rediyo. "Masu siminti sun tashi tuni. Yau aka dawo daga dogon hutu."

"Na tambaye ka hayaniya."

"Ka tambaye ni hayaniya, ba ka tambaye ni yara ba. Yara kuma hayaniya ne, ɗana?"

A mota ya zauna yana lissafi. Sati shidan nan duka cikin hutu suka faɗa. Ko a layinsu ma an yi shiru, bai lura ba, don ba ya gida a lokacin. Shi da a da yake sanin ranar komawa makaranta kafin malamai su sani.

Ya tarar da Hajiya tana warware wani ɗinki.

"Gidan nan ba zai yiwu ba," ya ce. "Makaranta ce a bayansa. Kuskurena ne, tsohuwar taswira na bi."

"Na sani."

"Kin san me?"

"Na san makaranta ce. Daga tagar ana hango kan lilo da sandar tuta. Kai ƙasa kake kallo, kana neman tsaga a bango." Ta ciri zare ta ajiye. "Na kuma san yau za a koma. Da yau Manaja ta shiga aji biyar."

Ya zauna a hannun kujera. "Me ya hana ki faɗa mini?"

"Ka tambayi mai rediyo, ka tambayi dillali. Ni ka tambaye ni?" Ba da faɗa ta faɗa ba. "In ka fita ɗaya da rabi, ni tagar nake buɗewa, Baban Manaja. Shi ne kaɗai lokacin da gidan nan yake zama gida. Na ɗauka ka gani ka zaɓa saboda ni. Kwana uku ina jin daɗin haka."

Kusan shekara biyu suna kwana ƙarƙashin rufi ɗaya, kowa da nasa ƙarfe biyun.

Washegari bai mayar da makullin ba. Ya ce ta shirya su je tare. Suka sami bokitan fenti biyu a tsakar gidan, suka kife su a ɗakin baya. Ita ta ajiye nata jikin taga, shi ya kai nasa can bakin ƙofa. Da aka kaɗa ƙararrawar ya dafe gwiwoyinsa da hannu biyu, ya sunkuyar da kai. Wani yaro yana rera karatun lissafin sau bakwai, yana kuskure a wuri ɗaya yana sakewa.

Hajiya ta waiwayo. "In ba za ka iya ba mu tafi. Ba zan riƙe ka da shi ba."

"Bari su gama wucewa."

Minti ashirin da biyar aka yi kafin wurin ya lafa. Rigarsa ta jiƙe a baya. Ba sauƙi ya ji ba, kuma bai ce mata ya ji ba. Ya dai ga yadda kafaɗunta suka sauka, ta jingina goshi da ƙarfen tagar kamar mai shan iska.

Ya fita tsakar gida ya kira dillali.

"Ranka ya daɗe, kar ka ce mini bango ya tsage. Zuciyata ba ta da ƙarfi."

"Bango lafiya lau. Ka zo da takardun gobe."

"Alhamdu lillahi! Ƙarfe nawa?"

"Da safe," ya ce. "Ka bar ni in fara da safe tukuna, ƙarfe biyu sai a hankali."