Matajin Gwaggon Siew Fong

Duk Penang ba mai taurin kan Loke Siew Fong. Tun da ta bar koyarwa take rubuta wasan kwaikwayo kan matan zamanin da, ita ke kuma shirya shi. Ni ce telar 'yan wasanta.

Bara ta ɗauko labarin 'yan aikin gidan da suka zo daga Shunde, masu naɗe gashinsu da kansu su rantse su da aure har abada. Ta kawo matajin marigayiya gwaggonta, wadda ita ma tana cikinsu, ta kunna turare, ta ce lallai Yoke Lan, jarumar wasan, ta yi rantsuwar cikakkiya.

Na ce, "Yaya, a dandali ba a cika rantsuwa. Ki rage ko kalma ɗaya."

Ta ce, "Ke dai ji da allurarki. Ba zan yi wa matattu ƙarya ba."

Yoke Lan ta naɗe gashinta da matajin, ta rantse, zaure ya ɗauki tafi. Bikinta ya matso a lokacin, amma har yau ba ta kwance gashin ba, ba ta kuma ƙara kallon saurayin ba.

Yanzu Siew Fong na rubuta wasan matan da suka faɗa rijiya. Jiya ta tambaye ni ko 'yata ta iya kuka.