Mujiyar Roba a Erdington

Har gobe ban manta da ranar da na hau tsani na kafa mujiya a kan rufin Bahaushe ɗan'uwana ba, ina ta jin kaina gwani. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan ku saurara, don ba a koyar da wannan a kos.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a wani kamfanin maganin ƙwari da ɓeraye a Birmingham, ban zama sufabaiza ba tukuna. Watan Afrilu ne, tsuntsaye na ta sheƙa. Wani akanta mai suna Alhaji Sani ya bugo ofis daga Erdington, ya ce magfai sun hana shi sakat. Ga wanda bai san magfai ba, tsuntsu ne baƙi da fari mai dogon bindi, mu nan hankakan Turai muke ce masa. Kukansa kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ga tonon shara, ga saran gilashin taga tun da sassafe, ga tsabar rashin kunya.

Manajarmu, wata Baturiya, ta ga sunan sai ta ce ni zan je, tunda mutanena ne, ni zan fi fahimtarsu. Kai, na ji daɗin maganar nan.

Ƙa'idar aikin a bayyane take. Doka ba ta yarda ka kashe tsuntsu don kawai ya dame ka da kuka ba, ba a kuma taɓa sheƙar da ke da ƙwai. Abin da ya rage sai tsoratarwa: a rufe kwandon shara, a rataya leda mai walƙiya, a kafa mujiyar roba a saman gida.

Alhaji ya tare ni a ƙofa. Ya ce, "Malam Kabiru, please ka taimaka. Da ƙyar na shawo kan Hajiyarmu ta baro gidan ƙanwata a Cheetham Hill can Manchester ta dawo wurina. Ni ne babba, amma kullum Manchester, Manchester. Ba na so tsuntsayen nan su hana ta barci ta ce za ta koma."

Hajiya ba ta nan, an kai ta wurin GP, wato likita. Na buɗe bayan mota na nuna masa mujiyoyin da nake da su, shi da kansa ya zaɓi babbar, mai jan ido, wadda iska ke juya kanta. Ni haifaffen Kano, shi haifaffen Kano, babu wanda ya tuna a gida mece ce mujiya. Muka tsaya a ƙasa muna yaba kyanta.

Washegari aka sake kira na, wai in zo maza. Ina isa na tarar da magfai biyu a kan mujiyar, ɗaya yana gyara fiffike a tsakiyar kanta. A falo kuwa ga Hajiya zaune da mayafi, akwatinta a gefe. Na durƙusa na gaishe ta.

"Kai ne ka kawo ta? Ɗan ina ne kai?"

"Ɗan Kano ne, Hajiya."

"Kano? Da Bature ne da na yi masa uzuri." Ta juya wajen ɗanta. "Sani, in ka gaji da ni ai sai ka faɗa. Ba sai ka ɗora mini mai kiran mutuwa a ka ba."

Alhaji ya ce, "Haba Hajiya, plastic ce fa, roba ce wallahi."

Ta ce, "Ita mutuwar ta san roba?"

Na hau da gudu na sauko da mujiyar, na cusa ta a mota har da rufewa da buhu. Bai yi amfani ba. Hajiya ta ce ba za ta ƙara kwana a ƙarƙashin rufin da mujiya ta sauka ba. Kafin la'asar surukinta ya iso daga Manchester ya tafi da ita. Tausayin Alhaji ya kama ni sosai, babban mutum tsaye a bakin titi da silifas yana ɗaga wa mota hannu.

Ba a jima ba magfai suka ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Manaja ta yabe ni a gaban jama'a, ta ce in riƙa koya wa sababbi dabarar mujiya. Sai daga baya matar Alhaji ta faɗa mana gaskiyar lamarin. Ashe Hajiya ce ke fita bayan gida kowace safiya ta watsa ragowar shinkafa da ƙanzo, sadaka ga tsuntsaye, don ba ta iya ganin abinci a shara. Ta tafi, tuwo ya ƙare, baƙi suka watse.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, tsuntsu ba ya zuwa gida a banza, kusan kullum akwai mai gayyatarsa a ciki. Kafin ku jingina tsani, ku tambaya su wa ke zaune a gidan, me suke tsoro, me kuma suke so.

Da na buga wa Alhaji don rufe aikin, na tambaye shi ko komai ya yi daidai. Ya ce babu tsuntsu ko ɗaya, gida ya yi tsit. Sannan ya ce, "Malam Kabiru, a wurinku akwai yadda ake dawo da su?"