Sunan da Munzali Ba Ya Faɗa

Duk wanda ya zauna a Taman Melati cikin mutanenmu ya san Munzali mai aski. Ɗan Gusau ne, baƙi siriri mai sanyin magana. Karatun kwamfuta ya kawo shi Kuala Lumpur, karatun ya ƙi shi, shi ma ya ƙi karatun, sai ya kama abin da hannunsa ya iya. A bakin ƙofa yake ajiye kujera, ɗalibai su yi layi ranar Alhamis saboda Juma'a. Ƙofarsu na kallon tamu, don haka ni Hureira na san shi fiye da yadda yake so.

Su uku ne a gidan. Akwai Abdulwahidu, Bazazzagi mai karatun digiri na uku, shi ne babbansu. Akwai Haidar, dogon saurayi ɗan Jos mai gyaran waya a wani shago a Titiwangsa. Maza uku a gida ɗaya ba abin kallo ba ne a can, rabin ɗalibai haka suke zaune. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne: Munzali ba ya faɗin sunayensu. Abdulwahidu "Malam" ne, Haidar kuma "Dogo". In baƙo ya tambaye shi sunan Malam ɗin, sai ya hau kewaye-kewaye, "mai gilashin nan", "wanda kuka gaisa jiya". Ni kuwa na san irin wannan kewayen, don tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kiran maigidana da sunansa ba, Abban Fatiha nake cewa.

Wata rana Munzali ya kawo mini ɗanwake, bakina da ba ya shiru ya tsokane shi.

"Kai Munzali, wannan alkunya taka ko amarya albarka. Sunan Malam ɗin cizo yake yi?"

Na zaci dariya zai yi. Sai ya waiga wajen matakala a tsorace ko wani ya ji.

"Anti, don Allah," ya ce.

Daga ranar na kama bakina, amma idona bai rufe ba. Na ga Malam ba ya taɓa abinci sai sauran biyun sun zauna. Na ga yadda Haidar ke gyara wa Munzali wuyan riga in ya zaci ba mai kallo, da yadda Munzali ke yi musu aski a hankali kamar ba ya so ya gama. Son juna suke yi su ukun, irin son da na sani a ɗakina. Abin ya dame ni ƙwarai, na rasa inda zan ajiye shi a raina. Amma ban faɗa wa kowa ba, har Abban Fatiha, don na san abin da zai same su, a ƙasar nan da kuma can gida.

Sai korona ta zo. A shekararta ta biyu aka sake kulle gari, kujerar aski ta koma ciki, jiniyar motar asibiti ta zama kamar kiran salla, kullum sai ka ji. In aka yi tari a bene, kowa sai ya yi tsit yana lissafin daga wace ƙofa ya fito. Ni ban sha wahalar lissafi ba, daga ƙofar da ke kallon tawa yake fitowa. Tarin Malam ne, busasshe, kuma kullum ƙaruwa yake.

Na tare Munzali da ya fito zubar da shara, muna nesa da juna.

"Fever ne kawai, Anti. Mun ƙunso masa miya daga shagon abincin mamak, ya ɗan sha. He will be fine, insha Allah."

"Ku kira asibiti."

"Shi ya hana. Ya sa mun rantse."

Tsoro ya hana ni sukuni. Ina tsoron cutar ta tsallako ta kama mini Fatiha, ina kuma tsoron bawan Allahn nan ya mutu a bayan ƙofa muna ji. Da hantsin wata Talata tarin ya tsaya, wani irin numfashi ya maye gurbinsa, kamar ana jan tabarma a kan siminti. Na ɗaura takunkumi biyu na je na dinga dukan ƙarfen ƙofarsu har Munzali ya buɗe.

Daga inda nake tsaye ina hango cikin ɗakin. Katifu ne a haɗe wuri ɗaya, Malam na kwance a tsakiya, kansa a cinyar Haidar, leɓɓansa sun yi toka-toka. Babu mai takunkumi a cikinsu. Sun riga sun yanke cewa abin da ya same shi ya same su.

"In ma'aikatan asibiti suka shigo za su ga ɗakin, Anti," in ji Munzali, muryarsa na karyewa. "Za a kira shugaban ƙungiyar ɗalibanmu, a kira yayansa a Zariya. You know what will happen."

Raina ya ɓaci har na ji kaina na zafi.

"Mutum na mutuwa kana yi mini maganar katifa? Ku kuka rantse, ni ban rantse ba!"

A gabansa na buga waya. Kafin motar ta iso, Munzali ya ja katifa ɗaya zuwa falo yana kuka, ni kuma ina tsaye ina tsare matakala kamar wadda aka ɗauka gadi.

Ma'aikatan suka hauro cikin fararen kayan nan da ba a ganin komai sai ido. Ba wanda ya kalli katifa, ba su da lokacinta. Wata daga cikinsu ta tambayi sunan mara lafiya. Haidar ya kasa magana don kuka, sai ta juya ga Munzali. Na ga bakinsa ya buɗe ya rufe. Ta sake tambaya da ƙarfi.

"Abdulwahidu," ya ce.

Ban taɓa jin sunan a bakinsa ba sai ranar. Da aka ɗauko Malam za a sauka da shi, Munzali ya riƙe ƙarfen ƙofa ya sake kira, wannan karon duk benen ya ji: "Abdulwahidu!" Malam ya ɗan ɗaga yatsu daga kan gadon ɗaukar marasa lafiya, aka sha kwana da shi.

Bai dawo ba. Ma'aikatan asibiti ne suka yi masa sutura, ba a bar kowa ya matsa kusa ba. Mazanmu suka yi ta kiran yayansa a Zariya suna ta'aziyya. Munzali da Haidar kuwa, da cutar ta kwantar ta kuma sake su, abin da suka samu shi ne saƙon waya: "Allah Ya jiƙan roommate ɗinku." Shi ke nan.

Na kasa haƙuri da wannan. Hukuncin abin da ke tsakaninsu ba a hannuna yake ba, amma na san gidan rasuwa in na gan shi. Na tuƙa tuwo na yi miyar kuka, na ajiye a bakin ƙofarsu na ƙwanƙwasa na ja da baya. Su biyun suka fito, sun rame kamar ba su ba.

"Ya haƙuri?" na ce. "Ya ƙarin haƙurinku?"

Haidar ya rufe fuska da hannu. Munzali ya daɗe yana kallona, tsoron nan na ranar ɗanwake ya dawo idonsa.

"Anti, za ki faɗa?"

"In faɗi me? Ku ɗauki tuwon kafin ya huce."

Ya sunkuya ya ɗauki kwanon, sannan ya tsaya yana kallon matakala.

"Da ya ɗaga hannu," ya ce, "kina ganin ya ji na kira shi?"

Na ce masa ya ji, ni shaida ce.