Ranar da Zuma ta Kore Mu daga Kufan su Gwaggo

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Dutsin-Ma, cikin wata tsohuwar bas wadda ƙofarta ba ta rufuwa sai direba ya zagayo ya banke ta da kafaɗa. Masu bibiyata da suka ga hotona jiya suna ta tambayar wanda ya yi mani duka, ku kwantar da hankalinku, ba mutum ba ne. Ga yadda aka yi.

Akwai wani malamin makaranta da ya yi ritaya, wanda yakan haɗa mutane lokaci lokaci ya kai su ganin tsofaffin garuruwa da kufai a yankin Kurfi. Na daɗe ina son bin shi. Abin da ya sa na ƙudurta a wannan karon shi ne Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu. Ta daɗe ba ta gani sosai saboda yanar ido, kwanan baya aka yi mata aiki, Allah Ya sa aka dace. Tun da ido ya buɗe ba ta roƙi komai ba sai a kai ta kufan garin da aka haife ta, wanda mutanensa suka tashi suka dawo bakin hanya tun tana ƙarama. Da na bincika, sai na iske kufan yana cikin wuraren da Malam ke zuwa.

Yayanmu bai so ba. Ya kawo maganar tsaro, ya kawo maganar gargaɗin likita cewa kar komai ya taɓa idon. Da ya ga ni da Gwaggo mun haɗe kai, sai ya ce mani, "To, ka tafi da ita. Amma amana ce a wuyanka." Da wannan maganar na shiga mota, ita kuwa ta shige gaba da baƙin tabarau kamar wata jami'ar gwamnati.

Hanyar Kurfi ba laifi, sai dai akwai wuraren da ramuka suka sa direba yake tuƙi kamar mai saƙa. Lokacin kaka ne, an girbe gero an jera dammuna a gonaki, dawa ta sunkuyar da kai, wake ya bushe yana jiran hannu. Gwaggo ba ta bar komai ya wuce ba. Kowane garken shanu sai ta nuna, kowace bishiya sai ta faɗi sunanta, har wani Alhaji da ke bayanmu, mai ƙamshin turare da babbar waya, ya ce ai da an sani da ba a ɗauko Malam ba. A shingen jami'an tsaro aka leƙo, aka ga tsohuwa da tabarau tana murmushi, aka ce mu wuce.

A Kurfi muka karya kumallo da koko da ƙosai a bakin tasha. Ƙosan yana da daɗi, amma ya ƙanƙance har sai ka haɗa biyu kafin bakinka ya san an sa wani abu. Mai tuyar ta ce kar mu ga laifinta, mu je mu tambayi masu sayar da mai da wake. Daga nan Malam ya zaga da mu cikin tsohon gari, lunguna masu ƙunci, zaurukan ƙasa masu kauri waɗanda in ka shiga sai ka ji sanyi kamar an yayyafa ruwa, da duwatsun nan da suka ɗare kan juna kamar da hannu aka jera su. Ya nuna mana wani tudu mai tsawo da ciyawa ta rufe, ya ce ragowar ganuwa ce. Da ni kaɗai ne, da na taka na wuce ina zaton juji ne.

Malam mutum ne mai tsari. Kafin mu bar kwalta sai da ya kira mai unguwar yankin ya tabbatar lafiya lau, sannan ya juyo ya ce duk abin da muke yi, kafin rana ta yi sanyi mun dawo kan titi. Muka yanki hanyar burji ta wajen Birchi, muka yi ta gwara kai da rufin mota, har inda bas ta ce ita kam iyakarta ke nan. Sauran muka ƙarasa da ƙafa, ina riƙe da hannun Gwaggo.

Kufan yana gindin wani dutse. Abin da ya fara nuna an taɓa zama a wurin shi ne kukoki, manya manya, a tsaye kamar dattawan da aka tafi aka bari. Malam ya nuna mana harsashin masallaci, da tsohuwar rijiya da ta rufta, da baƙin kashin tama da maƙera suka bari warwatse a ƙasa. Ya nuna ramukan rini a jere, waɗanda mu a nan muke ce wa karofi, yawancinsu ƙasa ta cike su sai kaɗan. Gwaggo ta saki hannuna ta nufi wani faffaɗan dutse mai ramuka santala santala. Ta durƙusa da ƙyar ta sa tafin hannunta cikin ɗaya. Ta ce a nan mahaifiyarta take niƙa, ita kuma tana zaune gefe tana korar kaji. Na ga hawaye ya gangaro ta ƙarƙashin tabarau, sai na ja baya na ba ta wuri, na bi sauran zuwa wajen masallacin.

Har yanzu ba mu daidaita kan abin da ya taso su ba. Wasu sun ce turaren Alhaji ne, wasu sun ce sandar da ya zura cikin kogon kuka don a ɗauke shi hoto ce. Ni dai na ji wani ruri kamar injin niƙa daga nesa, sai sama ta yi duhu a kanmu. Ƙudan zuma ne. Malam yana ta ihu, "Ku kwanta! Ku rufe fuska, kar ku gudu!" Wallahi ba wanda ya kwanta. Na juya na nufi inda na bar Gwaggo, amma ta nan suke fitowa. Suka rufe ni a fuska, na daina ganin gabana, sai ji na yi direba ya fizgo rigata yana jana. A haka muka isa gindin mota, wani ba hula, wani ba takalmi, Alhaji ba waya.

Muka dubi juna, kowa yana nan ban da Gwaggo.

Ban san yadda zan kwatanta maku abin da na ji ba. Zafin harbin ma ɓacewa ya yi. Tsohuwa ce, gwiwoyinta ba su gudu, kuma ita ta fi kowa kusa da kukar. Na tuna idon nan da aka sha wahala kafin ya buɗe, na tuna kuma an sha jin zuma ta kashe babban mutum mai ƙarfi. Na zabura zan koma, Malam ya riƙe ni gam. Ya ce in na koma haka, mutum biyu za a ɗauko. Wani Bafulatani da ke kiwo kusa ya ji hayaniyarmu ya zo, bai tsaya dogon bayani ba ya tattaro busasshen kashin shanu da karan gero ya kunna, ya ɗora ɗanyen ganye hayaƙi ya turnuƙe. Muka ɗauka a hannu, ni da shi da Malam, muka lulluɓe kawunanmu muka koma a hankali.

Kan dutsen niƙan babu kowa, sai takalminta ƙafa ɗaya. Na buɗe baki iya ƙarfina, "Gwaggo! Gwaggo!"

Sai wata murya ta fito daga ƙasa, a natse: "Kai, bar wannan ihu, za ka maido mani su."

Cikin ɗaya daga ramukan rinin take, wanda ƙasa ta cike ya rage kamar iya ƙugu. Ta zauna ta duƙunƙune, ta naɗe kanta da mayafi ruf. Ta ce tana jin rurin ta gane, don tun suna yara an hana su gudu in zumar kukokin nan ta tashi, sai ta silala ciki ta yi shiru tana salati. Na yaye mayafin, na cire mata tabarau na duba. Ido lafiya lau, fari tas, yana kallona. Harbi ɗaya ta samu, a bayan hannu. Ta ƙare mani kallo ta ce, "Subhanallahi, ɗan nan, mi ya samu fuskarka?" A nan na zauna daɓas a bakin ramin, dariya da kuka suka zo mani tare. Fito da ita kuwa sai da muka haɗu mu uku, tana faɗa wai mu yi a hankali da zanenta.

Bafulatanin ya ciccire mana ƙarin zumar da ya maƙale a fata, ya ƙi karɓar komai sai godiya. Wayar Alhaji ma shi ya tsinto. Muka koma Kurfi kai tsaye zuwa asibiti, don Alhaji ya kumbura har numfashinsa ya fara nauyi, abin ya ba mu tsoro ƙwarai. Aka yi mashi allura, aka ba mu magani, muka zauna har ya dawo daidai ya fara tambayar ina hularsa. Sai a lokacin yunwa ta tuna da mu. Muka yi azahar da ta kusa kuɓuce mana, muka sha fura da nono mai sanyi a ƙarƙashin wata bishiyar bedi, ban taɓa shan fura mai daɗinta ba. Sauran wuraren da aka shirya zuwa, Malam ya ce a bar su sai wani jiƙon, ba wanda ya yi gardama.

Rana ba ta faɗi ba muka shigo Dutsin-Ma. Yaya yana ƙofar gida. Ya dubi Gwaggo ta sauko da ƙafarta, ya dube ni ido ɗaya a rufe leɓe kamar an hura, sai kawai ya ce, "Sannunku da hanya."

Abin da na koya ba shi da yawa. In jagora ya ce a kwanta, a kwanta. In za ku kufai, ku bar turare a gida, ku bar kogon kuka da abin da ke cikinsa. Sannan in kuna da tsoho da ke son ganin inda ya fito, ku kai shi tun yana iya takawa, amma kar ku saki hannunsa. Jiya da yamma Gwaggo ta tara jikoki a tsakar gida tana zana masu garin a ƙasa da tsinke, nan masallaci, nan rijiya, nan gidansu. A bakinta na fara jin cewa kakan mahaifinmu marini ne, kuma ramukan nan nasu ne. Na tambaye ta ko har da wanda ta ɓuya ciki. Ta ce ba ta da tabbas, amma da ta zauna a ciki ba ta ji tsoro ba ko kaɗan.