Inji ya ce ni biyu ce

Bayan na ajiye aikin karanta labarai a rediyo na koma garinmu, a gefen dam ɗin Watari, da niyyar in huta. Ban yi wata uku ba ƙungiyar manoman rani ta yankinmu ta naɗa ni magatakarda. Dalilinsu biyu ne: ina da kwamfuta, kuma idan na kira suna a gaban jama'a na can baya ma yana ji.

Babban aikin ƙungiyar rabon fegi ne. Kowace shekara, bayan an kwashe amfanin damina, ana sake raba filayen da ruwan dam yake kaiwa ga mutanen ƙauyuka goma sha huɗu. Ƙa'ida ita ce mutum ɗaya fegi ɗaya, kuma wanda ya noma wuri bara shi ake bar wa bana. Amma ƙauyukanmu a manne suke da juna, gonar wannan gari tana bayan dangar wancan, don haka ba wuya mutum ya sa sunansa a wuri biyu. Shugaban ƙungiyar, wani Alhaji mai sayar da taki a Bici, ya daɗe yana ƙorafi a kan wannan.

Kowane ƙauye yana da wakili mai rubuta sunaye a takarda. Ni kuma na shigar da su kwamfuta, kowane ƙauye da kundinsa, a jadawali mai gurbi huɗu: suna, sunan uba ko miji, ranar haihuwa, da lambar fegin bara. Neman maimaici da ido a kundi goma sha huɗu aikin mako guda ne. Sai na koyi wata dabara da ake kira makuro, wato ka rubuta wa kwamfuta jerin umarni sau ɗaya ita ta yi ta maimaitawa. Nawa umarnin gajere ne. Ta buɗe kundin kowane ƙauye bi da bi, bisa jerin haruffa. Idan ta ga suna da sunan uba ko miji da ranar haihuwa sun zo daidai da wanda ta riga ta gani, ta bar na farko ta goge na biyu, ta adana, ta rufe, ta wuce gaba. Lambar fegi ban sa ta cikin awon ba, domin mai ha'inci lamba biyu daban zai bayar.

Na danna bayan sallar azahar wata Alhamis. Kundayen suka riƙa buɗewa suna rufewa da kansu. Kafin shayina ya huce an gama, suna talatin da ɗaya sun fita. Alhaji ya ce da ma ya faɗa. Abin da makuro ya goge ba ya dawowa da danna maɓallin komawa baya, na san haka, amma ban ajiye kwafi ba, saboda na yarda da abin da na rubuta.

Ranar rabo na tsaya a ƙarƙashin ɗorawar bakin gada na karanta sunaye tun hantsi har rana ta take. Da aka watse, wata tsohuwa ta rage zaune a kan 'yar kujerar da ta zo da ita. Na san ta da gani. Daga ƙauyen ƙarshe take, wanda sunansa ya fara da harafin da ke kusa da ƙarshen jeri. Mijinta ya rasu da daɗewa, ita take noma feginsu da kanta, tumatir da 'yar yakuwa a gefen kunya.

Ta ce, "Malam, ko na yi gyangyaɗi ne aka wuce ni?"

Na duba takardata sau biyu, babu ita. Na ce ta zo ofis ranar Litinin. Kafin Litinin wakilinsu ya riga ya yi mata bayani iya fahimtarsa, domin tana shigowa ta ce, "An ce inji ya ce ni biyu ce. To ku nuna mini ɗayar, ta zo ta taya ni ban ruwa, bayana ya gaji."

Na zaro takardun wakilai na asali daga kwali na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na same ta a ta ƙauyensu, na kuma sami ɗayar a wani ƙauye da ke farkon jeri, tafiyar awa guda tsakaninsu. Dukansu ranar Talata aka haife su, kuma da sunan rana ake kiransu, kamar yawancin matan zamaninsu. Ranar haihuwa ɗaya ga Janairu, kamar kusan duk tsofaffin da ke cikin kundayen, shekara kuwa wakilai ne suka kintata daga fuska, kintacen ya zo ɗaya. A gurbin sunan miji, duka biyun an rubuta Maigida.

Ni na buga wannan kalma da hannuna, sau biyu, na ɗauka suna ne. Na tambaye ta abin da ta gaya wa wakili da ya nemi sunan mijinta.

"Me zan ce? Na ce maigidan. Ai ya san shi, tare suke zuwa kasuwa."

Uwata ma har ta bar duniya ban taɓa jin sunan ubana a bakinta ba. A gidan da ake wannan kunya na tashi, amma da na zauna gaban jadawali na manta.

Na kai wa Alhaji takardun biyu a shagonsa. Ya dube su, sannan ya ce an riga an ba wani fegin, mutumin ya yi kaftu ya dasa albasa, yana da iyali tara. Ya ce, "Malam, in ce masa ya tuge? Kuma idan na buɗe wannan ƙofa, sauran talatin ɗin gobe suna nan, kowa ya ce shi ma inji ne ya cuce shi." Na ce cikin talatin da ɗayan na sami shida irin wannan, har da nata. Ya ce to sai baɗi, Allah ya kai mu. Sauran biyar ɗin suna da 'ya'ya maza masu fegi, sun raɓa da su. Ita ɗanta ɗaya ne, yana gadi a birni.

Na je ƙauyensu da kaina na gaya mata. Na ce laifina ne, ba na inji ba, ni na gaya masa abin da zai yi. Ta ce ai ba komai, ta kawo mini ruwa a moɗa. Na ce zan gyara kundin tun yanzu don baɗi, amma ina bukatar sunan marigayin na gaskiya, don kada a sake haɗa ta da wata.

Ta yi 'yar dariya. "Yana raye shekara arba'in ban faɗa ba. Sai yanzu da ya kwanta dama zan faɗa wa inji? Tambayi dattawan gari."

Na tambaye su, suka gaya mini, na rubuta. Na sake makuron yadda ba zai goge komai ba, sai dai ya shafa wa layin da yake zargi launi, ni in bi in tambaya. Aikin ya koma mako guda kamar da.

A ranin nan na gan ta sau biyu a bakin magudana. Tana cikin matan da ake ɗauka tsinkar tumatir a fegin wasu, a sallame su da yamma da wanda ya fashe a kwarya. Sau ɗaya a fegin da ke maƙwabtaka da nata ne. Albasar mutumin ta yi kyau. Mun gaisa, ta tambaye ni gida, ba ta ta da maganar ba.

Da kaka ta zagayo na tabbatar sunanta yana cikin jeri, da tsohuwar lambarta, domin mai albasar ya yarda a canza masa wuri. Ranar rabo na kira sunan da na mijin a haɗe, karon farko da aka faɗe su tare a gaban jama'a. Na kira sau uku, yadda ƙa'ida ta ce. Wakilinsu ya ɗaga hannu daga baya ya ce ɗanta ya zo ya tafi da ita birni tun tsakiyar damina, da hatsinta ya ƙare, kuma ɗakinta ya rushe a ruwan Agusta.

Alhaji ya ce in ci gaba. Na sa alama a gefen layin, na kira suna na gaba.